Bushiyar Amna

Ƙauyenmu yana yamma da kogi, tsallaken Rufa'a, a tsakiyar gonakin auduga da magudanan ruwan da muke kira tur'a. Lokacin sanyi, da an idar da sallar isha, kakarmu takan hura wuta da karan dawa a tsakar gida, ta jawo gadonta na igiya kusa, ta miƙe ƙafafu. Habboba muke ce mata, kamar yadda 'ya'yan Larabawa ke kiran kakanninsu. Ita kuwa har ta rasu Hausar Sakkwato take yi, ko da yake ba ta taɓa ganin garin ba, don a kan hanyar hajji aka haife ta.

Ina da wurina a wannan zama. Gefen damanta nake kwanciya, kaina bisa cinyarta, zanenta yana ƙanshin hayaƙi da citta. Tun ina shekara huɗu wurin nawa ne, yayyena maza ma sun sani, ba mai matsowa.

Ina shekara tara aka kawo Amna. 'Yar ƙanen Baba ce, a birnin Madani aka haife ta, cikin Larabawa, uwarta ta rasu wajen haihuwa, ubanta kuma direba ne, ba ya zama gida. Ta zo da ƙaramar jaka da takalmi mai igiya, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Daren farko na fito daga ɗaki na tarar da kanta a kan cinyar Habboba, gefen dama.

"Saude, zo nan hagu," in ji Habboba. "Ai duk cinya ce."

Ba duk cinya ba ce. Hagu hayaƙi yake bi. Kuma daga ranar tatsuniya ta lalace mini, domin kowace gaɓa sai Habboba ta tsaya ta maimaita wa Amna da gurgun Larabcinta, Amna ta yi dariya, ita ma ta yi dariya, ni ina jira kamar baƙuwa.

Bayan wata guda Baba ya dawo daga ban ruwa da wani abu a cikin hularsa. Ruwa ne ya cika ramin bushiya, ya tsinci 'yar ƙaramarta tana rawar sanyi a gindin auduga. Na miƙa hannu biyu. Ya wuce ni ya ajiye hular gaban Amna.

"Ga ƙawa na kawo miki," ya ce.

Aka sa ta a tsohon gwangwanin man girki, aka shimfiɗa mata tsumma. Madarar akuyar da Habboba ke rage mini da safe sai ta kasu uku. Amna tana kamo mata gara da ƙwari, tana yi mata hira da Larabci. Bushiyar ta saba da ita har ta daina dunƙulewa a hannunta, takan fito da ɗan baƙin hancinta tana shinshina yatsunta. Ni ko inuwata ta gifta sai ta koma dunƙulen ƙaya. Har dabba ta zaɓa, kuma ba ni ta zaɓa ba.

Wata ranar Laraba da rana, kowa yana gona wajen cirar auduga, Amna tana barci saboda zazzaɓi. Na ɗauki bushiyar da hannu, ta soke ni, na tura ta cikin gwangwanin, na danne bakinsa da dutse har ya haɗe. Na tafi tur'a na jefa. Gwangwanin ya yi ta juyi a kan ruwa, ina jin ƙarar ƙafafunta a jikin ƙarfe, sannan ya karkace ya nutse. Na tsaya ina jiran daɗin da na zaci zan ji. Ruwa dai ya ci gaba da tafiyarsa.

Amna ta yi kuka har muryarta ta dushe. Aka duba ƙarƙashin gadaje, aka duba rumbu. Ni ma na taya nema.

Ba wai gidanmu ba a kisa ba ne. Na sha ganin Habboba ta murƙushe kunama da takalmi ba tare da ta katse maganarta ba. Ita ke soya mana fara da gishiri da barkono, ita ke riƙe wa Baba kaza in zai yanka. Amma in tana shara ta iske layin tururuwa, sai ta kewaye shi. Na ɗauka halin tsufa ne kawai.

A daren nan, da zan zauna, Habboba ta kama hannuna ta juya shi wajen hasken wuta. Tafin ya yi jajayen ɗigo. Ta dube shi, ta sake shi.

"Ga wata ta taho daga nesa," ta ce, yadda ta saba buɗe tatsuniya. "Ku ba ta wuri."

"Ta shigo ta zauna," muka amsa.

Labarin wani maharbi ne mai suna Jatau, wanda ya tsufa ya kwanta ciwon ajali. Mutuwa ta zo ta tsaya bakin ƙofa, ta ce ba za ta shiga ba sai ya sallami baƙinsa. Jatau ya leƙa, sai ga duk abin da ya taɓa kashewa sun yi layi har bayan gari, kowanne da tambaya ɗaya.

Barewa ta fara shiga. A nan Habboba ta siranta murya. "Jatau, don mi?" Ya ce 'ya'yansa ne suka kwana biyu ba su ci ba. Barewa ta ce ta ji, ta fita. Kunama ta shiga, ya ce ai a shimfiɗar jaririnsa ya same ta. Ta ce gaskiya ne, ta fita. Fara suka shigo dubu-dubu, ya tuna musu dawarsa, suka tashi. Har rago ya shigo, ya ce layya ce, kuma da wuƙa mai kaifi. Haka aka yi ta yi har layi ya ƙare, Jatau ya ce wa mutuwa ta shigo. Mutuwa ta ce saura ɗaya.

Sai ga ɗan gyare ya yi tsalle ya hau ƙirjinsa. Shekaru da yawa baya, gyaren nan yana kuka a ƙofar maƙwabcin Jatau, maƙwabcin yana jin daɗinsa, yana cewa ko sarki bai da mawaƙi irin nasa. Jatau ya kasa jure jin wannan dariya ta bayan danga. Wata safiya ya zagaya ya take gyaren.

"Jatau, don mi?"

Ya ce kuka ne ya hana shi barci. Gyare ya ƙara nauyi. Ya ce bai gan shi ba ne. Gyare ya ƙara nauyi har haƙarƙari suka fara ƙara. Da numfashi ya gagara, ya ce, "Maƙwabcina na sonka, shi ya sa."

Habboba ta tura kara cikin wuta, ta ce, "Sai gyare yac ce, ashe ba ni ma kan nuhwa ba. Damina guda anka ba ni, ita kaɗai ag gare ni, kuma ta tahi kan abin da ba ruwana. To da kat take ni, waƙar ta dawo ƙoharka?"

Nan ta tsayar da labarin. Amna, da aka fassara mata, ta tambaya ko gyaren ya sauka.

"Ban sani ba, ɗiyata. Nan wadda tab ba ni ita tat tsaya."

Kunya ta kama ni, amma ba ita ce ta fi yawa ba. Abin da idona yake kai shi ne hannun Habboba, wanda tun farkon labarin har ƙarshensa yake shafa kan Amna. An yi tatsuniya sukutum domina, amma hannun yana can.

Da asuba ta kira ni bayan ɗaki, ta shafa mini man ridi a tafin hannu.

"Ke kina da cinya biyu, tawa da ta uwarki," ta ce. "Ita guda gare ta, ita ma ta tsuhwa. Ba ni hwaɗa ma kowa. Ke za ki ɗauke shi."

Ba ta faɗa ba kuwa. Na girma, na yi karatu a Madani, na zama ma'aikaciyar yaƙi da zazzaɓin cizon sauro. Aikina kisa ne: in bi kududdufai da magudanai in sa magani, tsutsar sauro ta mutu ba adadi. Ban taɓa rasa barci a kansu ba, domin na ga yaran da zazzaɓi ya sanƙarar a hannun uwayensu. In tsutsotsin sun yi layi a ƙofata ina da amsa.

Habboba a hannun Amna ta cika, ni ina hanya. Wannan ma ya ci mini rai, ina da 'ya'ya uku a lokacin. Ranar sadakar uku muna wanke kwanuka mu biyu, na yi niyyar in faɗa mata. Na ce, "Kin tuna bushiyarki?"

Ta yi murmushi, ta amsa da Larabci. Ta ce Habboba ta gaya mata uwar bushiyar ce ta zo ta tafi da ita, don uwa ba ta manta inda ɗanta yake. Ta ce shekara da shekaru da wannan maganar take yin barci, tana cewa ita ma tata uwar ta san inda take.

Na ci gaba da cuɗa tukunya. Abin da ya fara zo mini, Allah ya yafe mini, shi ne: ita an ba ta mai daɗi, ni an ba ni mai nauyi. Sai daga baya, a motar komawa Madani, na ga cewa tsohuwar ta duba abin da kowaccenmu za ta iya ɗauka ne, kuma ni ta ɗauke ni mai ƙarfi. Ban tabbata na fi son hakan a kan shafar kai ba.

Wani ɗalibi da aka turo mana koyon aiki ya taɓa tambayata amfanin ran sauro, me ya sa aka halicce shi. Na ce ban sani ba, nawa ran ma ban gama sanin dalilinsa ba. Iyakar abin da na gane shi ne kowane mai rai nasa ɗan lokacin yake riƙe da shi da ƙarfi, ba ya ganinsa ƙarami, kuma wanda zai karɓe shi gara ya zo da dalilin da zai iya faɗa da babbar murya. Na koya wa yaron yadda ake auna magani daidai, kada ya wuce ya kashe kifi da kwaɗi.

Amna tana Dindir yanzu da mijinta. Mukan yi waya duk Juma'a, ta tambayi yara, in tambayi nata. Har yau ban faɗa mata ba. Wani lokaci ina cewa tausayinta ne ya hana ni, wani lokaci kuma na san tsoro ne. Na riga na karɓe mata abu ɗaya, ba na son in karɓe na biyu don kawai ƙirjina ya yi sauƙi.