Atamfar Fitar Takabar Asama'u

Shagon Turai yana layin 'yan atamfa a kasuwar Agege ta Legas, taku kaɗan daga titin jirgi. Kanta biyu ne cike da turame, sai benci guda, sai wani tsagaggen madubi da take ratayewa a waje, ba a ciki ba. Duk wadda ta zo sayen zane, Turai za ta ja ta bakin ƙofa inda rana take, ta yafa mata turmin a kafaɗa, ta tattara shi ƙarƙashin haɓarta, ta ja da baya ta yi shiru. Daga nan sai ta ce "ɗauki" ko ta ce "ajiye".

A Agege aka haife ta. Mahaifinta fataucin goro ya kawo shi daga Bichi, mahaifiyarta kuma rini take yi a bayan gida, a nan Turai ta fara sanin kala tun hannunta bai kai bakin tukunya ba. Lokacin da na san ta tana wajen shekara hamsin da biyar, doguwa ce, baƙa mai sheƙi, Yarbanci a bakinta kamar Hausa. A shekarar 2001 ne, na dawo daga karatun haɗa magunguna a Indiya ina jiran aiki, sai bencinta ya zama wurin zamana. Likita take ce mini, duk da na gaya mata ba likita ba ce ni.

Na taɓa tambayarta me take dubawa idan ta yi shirun nan.

Ta ce, "Ku da kun ce fara, baƙa, wankan tarwaɗa, shi ke nan kun gama. Baƙi ma iri-iri ne. Akwai wanda ja ke ƙarƙashinsa, akwai mai toka-toka. Kuma ni ba na duban fuska, fuska ta sha hoda, wata ta sha man bilicin. Wuya nake duba, da farin ido."

Ba ta ɓoye wa kowa abin da ta gani. Wata Hajiya ta dage a kan wani leshi ruwan toka, Turai ta ce mata, "Hajiya, in kika sa wannan Alhaji zai shigo ɗaki ya yi ta kiranki, kina tsaye jikin bango bai gan ki ba." Hajiyar ta zage ta cikin dariya, ta tafi da kore. Ƙa'idojinta biyu ne, ba ta zaɓa wa wadda ba ta gani ba, kuma ba ta zaɓe a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Sau ɗaya na ga ta karya ta farkon, ni ce kuma na sa ta.

Gwaggona Asama'u, ƙanwar mahaifina, tuwo da shinkafa take sayarwa kusa da mayanka shekara goma sha biyu. Mijinta mahauci ne, ya rasu a farkon damina, ya bar ta da yara biyu, Munir da Umaima, dukansu 'yan firamare. Wan mijin, Malam Alu, ya zo gaisuwa daga Gwadabawa. Ba mugun mutum ba ne. Ya dai ga mace ita kaɗai a ɗakin haya, a garin da hankalin mutanenmu bai gama kwanciya ba tun rikicin ƙabilanci na kasuwar Mile 12. Da zai koma ya ce zai dawo ranar fitar takaba. Idan ya ga tana da ƙarfin riƙe yaran, zai bar su. Idan ya ga jikinta ya kasa, zai tafi da su gida.

Wata huɗu da kwana goma Gwaggo ba ta taka titi ba. Saura mako biyu ta fita takaba, sai ta ce mini, "Je ki wurin Turai ta zaɓa mini abin da zan sa. Ki ce mata ba na son abin da zai sa a kalle ni a ce wayyo."

Na kai saƙo. Turai ta ce sai ta gan ta. Na ce kasuwa ta cika, bikin wata ƙungiyar mata ya sa ana ta ɗibar anko, kuma ai ta san Gwaggo.

Ta ce, "Asama'u mai tuwo? Na san wuyanta fiye da nawa." Ta miƙa hannu saman kanta ta zaro wata atamfa rawaya mai ƙananan ganye farare. "Baƙa ce mai ja a ƙasa. Wannan in ta sa, sai ka ce an kunna fitila."

Na kai wa tela, Iya Ridwanu, wadda ke da tsohon awon Gwaggo. Ranar Laraba aka kawo ɗinki, fita kuma ranar Juma'a ce. Gwaggo ta gwada a ɗaki, muka ce ya yi kyau, domin ɗakin ba shi da taga sai ta saman ƙofa.

Da la'asar Turai ta zo, ba wanda ya kira ta. Ta ce tun da ta ba ni turmin ranta bai kwanta ba. Ta yi wa Gwaggo gaisuwar rashi kamar ranar farko, sannan ta ce ta sa kayan ta fito bayan gida inda ake shanya.

Gwaggo ta fito tana ƙifta ido. Turai ta ja da baya ta yi shirunta, sai dai wannan karon shirun ya yi tsawo. Ni ma a lokacin na ga abin da ta gani. Baƙin da muka san Gwaggo da shi, rabinsa na rana ne da hayaƙin murhu. Zaman ɗaki ya wanke shi, ta koma wankan tarwaɗa mai haske, ga rama, ga rashin barci a ƙarƙashin ido. Rawayar ta hau fuskarta ta zauna, har farin idonta ya ɗauka. Da a asibiti na gan ta, da shawara zan fara zargi. Rigar kuma ta yi mata yawa a kafaɗa.

Gwaggo ta ce, "Yaya Turai, yi magana mana. Kin tsaya kina kallona kamar naman da ya kwana."

Turai ta ce, "Cire. Wannan Asama'un bara na zaɓa wa. In Alu ya gan ki a haka, ba yara kaɗai zai ɗauka ba, har ke zai haɗa ya kai asibiti."

Gwaggo ta yi dariya, ita ce ta farko da na ji daga gare ta tun rasuwar, sai kuma dariyar ta tsaya. Ta ce, "Jibi ne fa."

"Na san jibi ne. Likita, tashi mu je."

Muka hau okada, wato acaɓa, zuwa shago. Ta sauke turame biyar, muka dawo kafin rana ta faɗi. Ɗaya bayan ɗaya ta riƙa yafa wa Gwaggo. Ruwan hoda ya mayar da ita kamar mai jego. Shuɗi mai duhu ya fito da ƙashin wuyanta. Kore ya yi dama-dama. Na huɗu ruwan hanta ne mai zanen ruwan zuma, ni da kaina da ba zan kalle shi sau biyu ba. Da ta tattara shi ƙarƙashin haɓar Gwaggo, sai kumatunta suka yi kamar jini ya dawo musu, idon ya yi fari.

Turai ta ce, "Ɗauki." Na biyar ɗin ba ta ko kwance shi ba.

Ita da kanta ta je ta tattago Iya Ridwanu, suna tafe suna faɗa da Yarbanci, telar tana cewa ita ba inji ba ce. Aka sake awo a nan bayan gida. Turai ta ce a ɗaga wuyan rigar ya rufe ƙashi, a tsuke hannun. Washegari aka ɗauke wuta tun safe, Iya Ridwanu ta koma kan keken ƙafa, kafin magariba ta gama.

Ranar Juma'a Gwaggo ta yi wanka, ta sa kwalli da turare, mata suka cika gidan. Malam Alu ya iso bayan masallaci. Gwaggo ce ta tuƙa tuwon da kanta, ita ta kawo masa, ta durƙusa ta gaishe shi. Ya dube ta sau ɗaya, irin duban da ya halatta, ya sunkuyar da kai ya ci abinci. Ya tambayi yaran karatu. Da zai wanke hannu ya ce, "Yaushe za ki koma bakin murhu?"

Ta ce, "Litinin, Yaya, in Allah ya kai mu."

Ya jinjina kai. "To, su zauna. In an yi hutun makaranta ki turo mini su su ga dangi."

Ban san me ya auna ba. Wataƙila tuwon ne, wataƙila muryarta, wataƙila ya yanke shawararsa tun a mota. Na faɗa wa Turai haka daga baya, ta ce ita ma ba ta sani ba, abin da ta sani kawai rawayar nan ba ta shiga idonsa ba.

Rawayar ta koma hannun Turai. Rigar ba ta shige ta, sai ta riƙa ɗaura zanen da ɗankwalin a shago, kuma ya karɓe ta ƙwarai. Wata uku bayan haka Gwaggo ta biyo ta layin 'yan atamfa, rana da hayaƙi sun mayar da ita yadda take a da. Ta tsaya ta ƙare wa Turai kallo.

"Yaya Turai, wannan ba zanena ba ne?"

Turai ta ce, "Matso rana in gan ki." Ta kama haɓarta ta juya wuyan gefe. "Yanzu kam naki ne. Ki turo gobe, sai na wanke."