Bango Mai Amon Ƙwarya

Duk wanda ya tashi a unguwar Soron Ɗinki ya san Baba Ashafa mai zanen bango, in bai san shi da aiki ba ya san shi da faɗa. Ɗan tsamurmurin tsoho ne, makubar shafen bango duk ta rine masa yatsu. Samarin da suka koyi zane a hannunsa ba sa lissafuwa, kuma ba wanda bai sha ranƙwashi ba. In yaronsa ya samu aikin kansa na farko, sai ya je ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, ya kasa kunne. In ya ce "ya yi", to yaro ya zama magini.

Lokacin da siminti ya fara yawa a cikin birni, Ɗantani, wanda ya fi ji da shi cikin yaransa, ya samu aikin fuskar soron Alhaji Hambali, wani dillalin gyaɗa a Mandawari. Kai, yaron nan ya yi zane! Ga dagi, ga mota, ga keke, har da jirgin sama a saman ƙofa, da siminti ya fitar da su duka a kan yaɓen ƙasa. Tun daga Ƙofar Kabuga ake zuwa kallo.

Baba Ashafa ya zo ya ƙwanƙwasa. Ƙwal-ƙwal, kamar ƙwaryar da ba komai a ciki. Ƙasa ba ta gama bushewa ba aka ɗora simintin, bai kama ba. Da ruwan farko ya shiga bayansa zai rufto kan dakalin ƙofar gidan, inda yara ke wasa, tsofaffi ke shan inuwa.

Ya ja Ɗantani gefe. "A fasa a sake."

"Haba Baba! Siminti ne fa, ba makuba ba, zai riƙe. In na fasa, wa zai ƙara ba ni aiki a garin nan?"

Gaskiyarsa ce, kuma abin da ya hana tsohon zuwa wurin Alhaji ke nan. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta kashe wa yaron sana'a. Shirun kuma ya hana shi sakat.

Sai ya ɗauko buzunsa ya tare a dakalin. Yaro ya matso, ya ɗaga masa sanda. Wani tsoho ya zo da tabarma, Ashafa ya ce ba wuri, ƙafa ke masa ciwo, miƙewa zai yi. Aka ce Ashafa ya fara ruɗewar tsufa, ko a jikinsa. Bazara tana ta dafa gari, kullum gabas ƙara duhu take. Wata 'yar tsaga ta fito a ƙarƙashin fiffiken jirgin, yana jin ɓurɓushin ƙasa na zubo masa a hula.

Ran nan da la'asar hadari ya haɗo baƙi ƙirin, iska ta taso, kowa ya yi gida. Sai ga Ɗantani a guje.

"Baba, don Allah ka tashi!"

"In tashi? Ai ka ce zai riƙe."

Ya gyara zama ya jingina da bangon. Tsoro yake ji wallahi, amma bai motsa ba. Ɗigon farko ya sauka a kan buzun.

Ɗantani ya dubi jirginsa, ya dubi furfurar tsohon. Ya shige soro ya fito da tsani da guduma, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Matsa, Baba. Daga sama zan fara."

"Daga fiffiken," in ji tsohon yana naɗe buzu. "Hau, ni zan riƙe maka tsanin."