Hotunan da Inna ta aike ni in ɗauko

Shekarun baya, lokacin da nake ganin babu mai hoto kamata a duk faɗin Karaye, wata tsohuwa da ke kwance ba ta iya ko juyawa ta aike ni wani aike da ya kusa sa ni kuka a bainar jama'a.

Yayana ne ya koya mini sana'ar. Da ya samu aiki ya koma Kano, sai ya bar mini kyamararsa da fitilu biyu da wani ƙaton labule mai zanen gidan bene da furanni. Mahaifinmu ya ba ni ɗakin da ke kusa da zaure, na share, na rataya labulen. Amare suka fara zuwa, don iyaye sun fi samun natsuwa idan mace ce za ta ɗauki 'ya'yansu. A ɗakin nan ni ce mai mulki. "Ɗaga haɓa. Karkato kafaɗa. Rufe baki, ba tallan man goge haƙori muke yi ba." Ko gidan biki aka kira ni, sai na naɗe labulena na tafi da shi, in nemi bango in rataya, in jera mutane a gabansa kamar 'yan makaranta. Idan ka ga amarya ɗaya daga hannuna ka ga duka: kujera ɗaya, zama ɗaya, hannu a kan gwiwa don lalle ya fito. Mahaifiyata ta taɓa jujjuya wasu hotuna da na wanko, ta ce, "Wai waɗannan duk 'yan gida ɗaya ne?" Na ɓata rai na ce mata haka ake yayi.

Ina da wata ƙawa tun muna sakandare, Bafulatana ce, gidansu yana wata ruga can gaba da Jajaye a ƙasar Rogo, amma aure ya kawo ta Karaye. Ana saura 'yan makonni bikin autarsu, mahaifiyarsu ta zame a bakin rijiya ta karye a ƙugu. Aka kawo ta gidan ƙawata don ta yi kusa da asibiti. Likita ya ce ko da wasa kada a ɗora ta a mota a kan wannan hanyar sai ƙashi ya kama. 'Yan uwa suka ce a ɗaga biki, ita ta ce ba da ita ba. Yaran suna son juna, dangin ango sun shirya, an riga an sanar da mutane. Ta ce aure ba ya jiran ƙafar kowa.

Da na je duba ta, na durƙusa na gaishe ta, na yi mata ya jiki. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "'Yar nan, an ce ke ce mai hoto."

"Ni ce, Inna."

Ta nuna bango da baki, inda hoton auren ƙawata yake rataye. Ni na ɗauke shi, kuma ina alfahari da shi. "Wancan ma ke ce?"

"Ni ce."

"To wancan ba 'yata ba ce. 'Yata ko zazzaɓi take yi ba ta zama shiru haka." Ƙawata ta ƙyalƙyale da dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Inna ta kamo hannuna ta riƙe. "Ni ba irin wannan nake so ba. So nake ki je ki zame mini ido. Wa ya zo, wa ya yi mata wanka, ta ci abinci ko ba ta ci ba, an wanke mini ƙoraina ko an bar su da ƙura. Autata ce, ba ni da wata da zan ƙara aurarwa. Ki kawo mini bikin nan ɗakin."

Na ce, "In sha Allahu, Inna." Amma da yake hali zanen dutse ne, ranar tafiya abin da na fara naɗewa labulena ne.

Damina ce ta yi nisa. Muka shiga mota zuwa Rogo, daga nan sai babur. Ƙawata ta riga ni tafiya, don haka ni kaɗai ce, jakar kyamara a gaba, fitilu a cinya, labule a kwance a bayana ya fi babur ɗin faɗi. Mai babur ya waiwayo ya ce, "Hajiya, kafet kike sayarwa?" A wani rafi dole na sauka na tsallaka da ƙafa, takalmina a hannu, taɓo har ƙauri.

Da muka isa, sai na ga inda na kawo kaina. Babu wutar da zan jona fitilu. Babu bangon da zan rataya labule, sai dangar kara da 'yan ɗakunan ƙasa da bukkoki. Mata sun cika tsakar gida, wasu na daka, wasu na tankaɗe, hira duk da Fulatanci, ni kuwa ban da gaisuwa ban san komai ba. Duk da haka ban karaya ba. Na samu igiya na ɗaure labulen tsakanin bishiyoyin darbejiya biyu. Iska ta kumbura shi. Na danne gindinsa da duwatsu. Ina juyawa in kira mutane, sai na ji dariya ta ɓarke a bayana. Wani ɗan maraƙi ne ya kama gefen labulen yana tauna, daidai wajen furannin.

Wata dattijuwa doguwa ta tako, ta kori maraƙin da bakin zaninta. Ita ce ƙanwar mahaifin amarya, kowa Goggo yake ce mata, kuma ita ke riƙe da bikin a madadin Inna. Ta ƙare wa labulen kallo, ta ce da Hausa, "'Yata, wannan benen na wane ne?"

Na ce, "Ado ne kawai, Goggo, don hoto ya yi kyau."

"To uwar yarinyar nan ta san ba mu da bene. Idan ta gani za ta ce bikin wasu kika kai mata."

Na shiga wurin amarya ko zan samu sauƙi. Tana tsakiyar ƙawayenta suna ta shewa, kyakkyawa da ita, dariya har da riƙe ciki. Ina ɗaga kyamara sai ta ja mayafi ta rufe fuska ruf. Na ce ɗaga haɓa, ta ƙara sunkuyawa. Na ce kalli nan, ƙawayen suka kwaikwayi muryata suka sake fashewa da dariya. Duk dabarar da na sani na gwada, ko ɗaya ba ta ci ba.

Na fito na zauna a kan wani turmi da aka kifa. Ba kunyar dariyar ce ta fi damuna ba. Inna nake tunawa, tana kwance tana kallon silin, ta amince cewa akwai wadda ta tafi ta gano mata. Me zan kai mata?

Ƙawata ta zo wucewa da tire a ka, ta tsaya. "Ke, yau babu mai lokacin jeruwa. Ki daina ba mutane umarni, ki bi su kawai." Ta wuce abinta. Sai ga Goggo da ƙwaryar fura da nono, ta dangwara mini a cinya. "Sha tukuna. Mai jin yunwa ba ya gani da kyau."

Na sha. Ban tashi daga kan turmin ba, kuma da yake na yi shiru, sai aka manta da ni. A gabana mata uku suna lugude, taɓare na tashi suna sauka, ɗaya tana cilla tata sama ta tafa kafin ta cafe. Na ɗaga kyamara a hankali na danna. Babu wadda ta waiwayo. Na duba allon, hannun ɗaya ya ɗan yi dishi-dishi saboda gudu, amma kana gani kamar za ka ji ƙarar dakan. Gabana ya faɗi, irin faɗuwar da ban san ko tsoro ba ce ko daɗi.

Daga nan na miƙe na fara bin mutane. Na ɗauki ƙoren Inna an wanke su tas an jera a rana. Na ɗauki wata tsohuwa tana gyangyaɗi da jika a goye. Na tsaya daga ƙofa lokacin da Goggo take shafa wa amarya turare bayan wanka, hasken ƙofar nan kaɗai ya ishe ni, ban nemi fitila ba. Na kama amarya ta ɗaga mayafi tana satar loma daga kwanon ƙawarta. Na durƙusa a inda bai kamata ba, zanina ya kwashi kashin shanu, ban ma sani ba sai da aka nuna mini. Ni da nake hana mutane dariya, ranar dariya nake farauta.

Bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, aka ce a hanzarta kai amarya kafin rafi ya cika. Goggo ta kamo hannunta ta kai ta gaban mahaifinta. Dattijo ne mai ƙarancin magana, yana zaune a kan buzu a ƙofar ɗakinsa. Ya yi mata nasiha a taƙaice, ya sa mata albarka, ya miƙe da sauri ya nufi wajen shanu kamar an kira shi.

An juya da amarya za a fita, sai ta zame hannunta daga na Goggo ta shige wani ɗaki. Ɗakin Inna ne. Babu wanda ya bi ta. Na tsaya a bakin ƙofa. Ta durƙusa a gaban gadon da babu kowa a kai, ta ɗauko wani tsohon zani da ke ninke a kan matashi, ta kifa fuskarta a ciki. Kafaɗunta kawai ke motsi. Na sauke kyamarar, don na ji kamar ba hurumina ba ne. Goggo tana gefena, ta taɓa gwiwar hannuna ta ce a hankali, "Ɗauki. Na uwarta ne." Na ɗauka sau ɗaya, ban ƙara ba, don ni ma idona ya rufe.

Da muka fito, na hango dattijon can a garke, ya ba mu baya, ya riƙe kunnen wata farar saniya. Na danna ba tare da wani tunani ba, na bi 'yan kai amarya.

A gida, da na buɗe hotunan a kwamfuta, sai tsoron ya dawo sabo. Kusan babu mai kallon kyamara. Wasu sun karkace, wasu an yanke rabin kai, a wani Goggo ta wangame baki tana kiran wani. Na yi ta ja da baya, ƙawata na kira ina cewa ban gama gyara ba. Mahaifiyata ce ta leƙo ta bayana wata safiya, ta tsaya tana kallo har kokonta ya huce a hannu. Ta ce, "Me kike jira? Wanko su ki kai wa baiwar Allah."

Na same ta an jingina ta da matasai. Na zuba mata su a cinya, na koma gefe ina jiran hukunci. Ta fara ɗauka ɗaya bayan ɗaya, tana kai su kusa da ido.

"Ashe wannan ta zo, ita da ta ce ƙafarta ba ta kai ta ko masai." Ta ajiye. "An wanke ƙoren, Allah ya yi wa wadda ta wanke albarka." Ta ga na satar loma, ta yi dariya har ta dafe ƙugu tana salati. "Ta ci, alhamdu lillahi, ta ci."

Sai ta zo kan na ɗakinta. Ta shafa shi da ɗan yatsa, ta kifa shi a ƙirjinta ta rufe ido. Ƙawata ta tashi ta fita waje. Ni kuma na ƙura wa tabarma ido har sai da na ji ta ja numfashi ta ɗauki na gaba.

Na ƙarshe shi ne na dattijon a garke. Saura kaɗan in cire shi tun a gida, don ban ga abin kallo a ciki ba. Inna ta dube shi, hawaye bai bushe mata ba, sai ga murmushi.

"Kuka yake yi," in ji ta.

Na ce, "Inna, ai bayansa ne kawai."

"Tun ina amarya nake kallon bayan nan, 'yar nan. Duk ranar da kika ga ya kama kunnen saniya haka, to ido ya cika." Ta haɗa hotunan ta tura ƙarƙashin matashinta, ta kamo hannuna. "Allah ya yi miki albarka. Na je biki."

Ban taɓa samun yabon da ya kai wannan ba, kuma ba na jin zan samu. Har yanzu ina zaunar da amare in gyara musu zama, don suna so, kuma haƙƙinsu ne su fito yadda suka yi mafarki. Amma tun daga wannan bikin nake zuwa da wuri, in zauna cikin mata in yi shiru har a manta da ni. Kuma kafin in fara, nakan tambayi masu gida ko akwai wanda ba zai samu zuwa ba, wata kaka a ƙauye ko wani wa da ke can kudu, sai in riƙa ɗauka da shi a raina. Gabana bai daina faɗuwa ba duk sanda na shiga gidan da ban san yadda haskensa yake ba. Na dai daina ɗaukar faɗuwar gaban a matsayin alamar in koma gida.

Inna ta warke, ta koma ruga da kaka tana dogara sanda. Ƙawata ta ce ranar da Inna ta isa, bayan an gama gaishe-gaishe, ta ciro hoton garken nan ta miƙa wa mijinta a gaban Goggo. Dattijo ya duba, ya duba, ya mayar mata, ya ce shi kaska yake cire wa saniyar. Har yau a kan haka ya tsaya, kuma duk gidan an bar masa.