Inna Mai Iri da Rabin da Ta Hana

Kafin rana ta yi zafi Inna Mai Iri ta riga ta buɗe ɗakin ajiya. Ɗan ɗaki ne a bayan gidanta, mai ƙofar langa-langa da taga guda. A ciki tuluna ne jere kan katako, kowanne da toka a baki saboda ƙwari, da tsumma mai launi daban a wuya. Inna ba ta yi boko ba, amma ba ta taɓa ba wani gida irin wani ba. Takan tsoma hannu ta ɗebo, ta shinshina, ta gartsa ƙwaya ɗaya. In ta ji ƙas, sai ta rufe. In ta ji taushi kuwa, tabarmar shanya ta fito ke nan, kajin unguwa sun shiga uku da kora.

Shekara talatin da ɗaya gidaje arba'in suna kawo mata irin shukarsu bayan girbi, gero da dawa da wake. Kowa ya san kansa: iri in yana ɗakinka, ranar da tukunya ta yi shiru sai ya zama abinci. Bana ido ya fara gaza mata, ta miƙa makulli ga matar ɗanta. Ya kamata a faɗi alherinta tun tana ji da kunnenta.

Ba kowane iri take karɓa ba, kuma ba ta iya rufa-rufa ba. Wani manomi ya taɓa kawo mata wata ƙatuwar zangarniya yana washe baki. Ta tambaye shi daga ina ya yanko, ya ce daga bakin gona.

"Mayar da ita tukunya, ɗan nan," in ji ta. "Na bakin gona maƙaryaci ne. Ba shi da maƙwabci, ya ci nasa ya ci na hanya. Shiga tsakiya ka nemo wanda ya yi kyau cikin matsi."

Amma abin da har yau ake ba da labari shi ne shekarar da ruwa ya sauko da wuri, wata guda kafin lokacinsa. Gari na wayewa maza suka yi layi a ƙofarta da ƙorai, kowa na murna. Ita kuwa ta riga ta je gonarta ta tona ƙasa da hannu. Laimar ba ta wuce tsawon yatsa ba, ƙarƙashinta busasshiyar ƙasa ce. Ta dawo ta auna wa kowane gida rabin irinsa, ta ja ƙofa ta kulle.

Babban ɗanta, wanda shi ne shugaban ƙungiyar manoman, ya matso yana huci.

"Inna, irin mutane ne fa, ba naki ba."

"Na sani. Shi ya sa ba zan bari ku zuba wa rana shi a baki ba."

"In ruwan ya zarce fa? Kowa ya tashi da rabin gona, a ce uwata ce ta jawo?"

"In ya zarce ku zo ku karɓi saura, ku haɗa da zagina. Jinkirin mako biyu bai taɓa kashe gida ba. In ya ɗauke kuwa, wa zai haifa muku wani irin? Ni dai na daina haihuwa."

Wasu suka yi dariya, shi bai yi ba. Ta ɗaure makullin a haɓar zaninta, ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofa.

Kada a ce ba ta ji tsoro ba, ta ji. Mata suka rage gaishe ta a bakin rijiya, ɗanta ya ɗauke ƙafa daga ɗakinta. Kullum takan dubi gabas tana roƙon Allah ya ƙaryata ta, don gara a yi mata dariya da a yi kuka. Sama ta yi shiru kwana ashirin da uku. Shuka ta tsiro, ta langaɓe, ta ƙone. A ƙauyukan da ke kewaye, inda aka zuba iri duka, mutane suka shiga sayar da shanun huɗa suna neman kowace irin ƙwaya a kasuwa.

Ranar da damina ta kama da gaske, Inna ta tona, hannunta ya nutse har wuya cikin danshi. Ba ta jira an ƙwanƙwasa ba, ta buɗe ɗaki ta shiga aunawa. Ɗanta ne ya zo ƙarshe. Ya durƙusa a gabanta.

"Tashi," ta ce. "Ƙasa ba ta jiran mai kunya."

Girbin shekarar bai cika rumbuna ba, amma ya kai gidaje arba'in ɗin wata damina. Ba wanda ya sayar da sansa, ba magidancin da ya bar iyali ya tafi birni neman na abinci, injin niƙa ma bai daina kuka ba.

Inna, ke ce kika yarda a ƙi ki kwana ashirin da uku don kada yaran mutane su kwana da yunwa. Uwar gobe, mai riƙon amana har kan ɗan cikinki! Ba ki da albashi, ba ki da lambar yabo, amma duk wanda ya ɗaga loma a unguwar nan akwai hannunki a ciki. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya, ya saka da mafificin alheri.

Masu tasowa kuma, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku zauna kusa da irin su Inna ku koya tun suna nan, ku koyi cewa a'a a ranar da kowa ke cewa i.

Da aka tambayi ɗan nata, wanda shi ma yanzu furfura ta kama shi, me zai ce game da ita, bai tsawaita ba.

"Sau biyu ta ciyar da ni," ya ce. "Na farko ban san ta yi ba. Na biyu kuwa har faɗa na yi mata."