Kafaɗar Kawu Mai Fanka

A'a, ba maganin ƙarfin maza yake shafawa ba. Ku daina faɗar abin da ba ku sani ba, ku da kuke zama bakin shagonsa kuna shan iskar fankokin da ya gyara kuna ƙyafta wa juna ido.

Kawuna ne, ƙanen uwata. Tun yana yaro yake naɗa wayar fanka. Ƴarsa ɗaya, muna ce mata Tsuntsuwa, don tun da ta iya zama ba ta da wurin sauka sai wuyan ubanta. A haka suke tafiya shago kullum, shi da singileti, ita ta riƙe kunnuwansa kamar kan babur.

Tana goye hangum ya kama shi da girmansa, ya sauka masa ƙasa. Likita ya ce jikinsa ya daina yin sinadarin da ke riƙe namiji, kuma haihuwa ta ƙare. Mutumin da ke ɗaga fankar sama da hannu ɗaya ya koma gyangyaɗi kan teburin aiki.

Sai aka sa shi cikin wani binciken asibiti. Suka ba shi wani mai da ke ɗauke da sinadarin nan, ya riƙa shafawa a kafaɗa duk safiya. Abin da aka ce masa: "Ka wanke hannu bayan ka shafa." Wallahi har sabulu daban ya ware. Ya warware, ya dawo yana tsokanar kowa.

Babu wanda ya ce masa ya rufe kafaɗar.

Tsuntsuwa ba ta ko shiga makaranta ba gashi ya fara fito mata inda ba a zata ba, ga ƙuraje, ga faɗa. Gwaggonta, yayar Kawu, ta dubi matar Kawu ta ce, "Daga danginku ne, mu dai ba mu da irin wannan."

A asibitin yara likita ta tambaya, "Wa ke ɗaukarta?"

Kawu ya yi murmushi. "Ni mana. Ai jakinta ne ni."

Da ta yi masa bayani cewa man ne yake bin fatarsa yana shiga tata, sai ya zauna a ƙasa. Ta ce ya riƙa sa riga, ya riƙa wanka kafin ya taɓa ta, shi ke nan. Ya ce, "Likita, ni na cuce ta da jikina. Riga ce za ta hana ni tsoro?"

Ya watsar da man. Yarinya ta samu sauƙi. Shi kuwa kasala ta dawo masa. Jiya ta miƙa hannu ta ce, "Baba, wuya!" Ya yunƙura, ya kasa, ya ce mata ta yi nauyi.

To ku da aka ba ku wannan man, da matan da ke wanke musu riguna: an gaya muku zancen kafaɗa, ko ku ma hannu kawai aka ce? Ku buɗe baki ku faɗa a nan. Kunyar nan ta ishe mu haka.