Mai Taka Birkin Baba

Shekara huɗu motar Baba ta yi a ƙarƙashin mangwaron gidanmu na Yelwa, kaji na ƙwai a bayanta. Fara ce mai dogon baya, ta girme ni da shekara biyu. Da ita ya riƙa ɗauko kifi daga Wara har ƙarfinsa ya ƙare, kuma har yau in ka buɗe ƙofarta ƙarnin nan ne zai fara gaishe ka. Ni ƙarnin daɗi yake mini, don a cikinsa na girma.

Bayan rasuwarsa Yaya, babban wanmu, ya ce motar ta tare tsakar gida. In ba ta tashi kafin Babbar Sallah ba, zai kira masu sayen tsohon ƙarfe su yanka ta. Ban yi musu ba, amma raina ya ɓaci ƙwarai.

Ni malamin makaranta ne, alli na sani. Na sa sabon batir, na murɗa makulli, ta ce ƙas ta yi shiru. Birki kuwa in ka taka sai ya nutse har ƙasa kamar ka taka tuwo. Sai na shiga neman shawara, na kuwa same ta har ta yi mini yawa. Mai wayarin na bakin tasha ya ce a yaye wayoyin duka a sa sabbi. Wani bakanike a Shanga ya leƙa hotonta a wayata, ya yi dariya, ya ce kakansa ya kamata in tambaya. Har wani mai gyaran injin kwalekwale ya ce in kawo ta bakin ruwa ya duba, bai dai faɗi yadda zan kai ta ba.

Duk yawon nan Inna tana kallona daga ƙofar ɗakinta. Ban taɓa tunanin tambayarta ba, tunda ko keke ba ta taɓa tuƙawa ba. Ran nan na dawo a gajiye, ta ce, "Mi kaka nema ga mutane? Ɗaga kujerata ka duba."

Ƙarƙashin kujerar gaba, inda take zama, akwai wata baƙar waya mai kauri da Baba ya ɗaure a jikin ƙarfe da hannunsa. Ta ce ruwan kifi kan gangaro wurin ya sa tsatsa, sai Baba ya kankare da wuƙar fere kifi. Wuƙar ma tana nan a kwandonta. Na kankare, na ɗaure, na murɗa. Motar ta yi tari sau uku ta kama, kaji suka watse. Inna ta koma ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

Birkin kuma iska ce a cikinsa, in ji ta, kuma fitar da ita aikin mutum biyu ne: ɗaya yana takawa, ɗaya yana kwance a ƙasa yana sassauta noti. Ashe duk shekarun nan ita ce mai taka wa Baba, da safe bayan mun tafi makaranta. Na ji kunya.

Washegari na zuba man birki, ta tattare hijabi ta hau kujerar direba da gwiwarta mai ciwo, ni kuma na shige ƙasa. Muna kan taya ta biyu sai ga ƙafafun Yaya, da na wani baƙo mai takalmin roba. Yaya bai san motar ta tashi ba, ya kawo mai saye ya gani.

Suka tsaya. Inna ba ta ko dube su ba, tana ta takawa tana ƙirga a hankali. Can na ji Yaya yana ba baƙon haƙuri, ya raka shi ƙofa. Da ya dawo ya tuɓe babbar rigarsa, ya rataye a reshen mangwaro, ya kwanta kusa da ni a cikin ƙasa.

"Miƙo sifanar nan," ya ce. "Inna, taka."