Murfi Biyar a Bokiti

Shekara ashirin da shida Mwalimu Kihiyo, wato Malam Kihiyo a harshenmu, ya yi yana koyar da lafiyar dabbobi a jami'ar da ke bayan garinmu. Ni shara nake yi a ginin da ajinsa yake, tun bayan rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa. Shi Mwalimu mutumin tsaunukan Lushoto ne, siriri, kullum da lema a hammata ko da rani. A ƙafa yake zuwa aiki, ya tsaya rumfar wata mata, Bi Zuwena, ya sha shayi, ya tambayi lafiyar akuyarta kafin tata.

Yana da wata ɗabi'a a aji. Yana cikin bayani sai ya saki ƙarya da gangan, ya harɗe hannu, ya yi shiru. Ɗalibai su yi ta kallon juna har wani ya ce, "Mwalimu, ba haka ba ne!" Sai ya tafa ya ce, "Ashe akwai mai rai a ɗakin nan." Sau da yawa ina shara a baranda nake jin dariyarsu.

Shekarar da annoba ta sa aka rufe makarantu, aka ce kowane malami ya ɗauki darasinsa a bidiyo a tura wa ɗalibai ta waya. Aka kafa kyamara a wani ɗaki. Ranar farko Mwalimu ya tsaya gabanta ya kasa cewa komai.

"Mama Mwajuma," ya kira ni, "ajiye tsintsiyar nan ki zo ki zauna. Ni ban iya magana da ƙarfe ba."

Na ce, "Mwalimu, aji huɗu na yi fa."

"Kin ma fi wasu. Ke ai ba kya barci a zaune."

Haka na zama ɗalibarsa guda, a kujerar bayan kyamara. Mtenga, mai ɗaukar bidiyon, ya ja min kunne: ko tari kada in yi, na'urar komai kamawa take.

Darasi na tara a kan wanke shanu da maganin kaska ne. Kusa da ƙarshe Mwalimu ya ɗaga kwalba ya ce, "Murfi biyar a bokiti." Ya harɗe hannu ya zuba min ido. Na san murfi ɗaya ne, don maigidana yana da shanu uku, ni nake auna masa. Na buɗe baki, na tuna kashedin Mtenga, na rufe. Mwalimu ya jira, ya ƙara jira. Can ya yi dariya ya ce, "Ƙarya nake. Ɗaya ne. Biyar kashe maraƙi yake."

Darussan malamai arba'in ne a kan Mtenga. Yana gyaran wannan ya iso wurin dogon shirun, ya ɗauka darasi ya ƙare, ya yanke daga nan ya tura.

Sai bayan wata bakwai muka sani, da aka dawo aka yi jarrabawa, kusan duk ajin suka rubuta biyar. Ina goge taga a ɗakin Mtenga Mwalimu ya shigo da takardu a hannu.

"Mtenga, ina ka kai wutsiyar darasina?"

"Wace wutsiya, Mzee?" in ji Mtenga, haka muke kiran dattijo. "Shiru ka yi kamar an ɗauke wuta."

"Nemo na asalin."

"Mun goge. Wurin ajiya a na'ura ya cika."

Jami'a ta cire bidiyon daga shafinta a ranar. Amma ya riga ya fita. Ɗalibai sun tura wa yayyensu, malaman gona sun tura wa makiyaya, masu shagon magani sun ajiye a wayoyinsu. Rubutun jikin kwalbar ƙanana ne, da Turanci, shi kuwa Mwalimu da harshenmu ya yi bayani, shi ya sa aka so shi. Mwalimu ya ɗauki sabon bidiyo na gyara, sanye da rigarsa mai kyau. Mutum goma sha tara suka kalla.

Shekarar da ta biyo ya yi ritaya. Ba a jima ba wani tsohon ɗalibinsa ya bugo waya daga garin Handeni ya ce maruƙa shida na wata mata sun mutu bayan wanki. Ba wanda ya ce laifinsa ne. Daga ranar dai Bi Zuwena ba ta ƙara ganinsa a rumfarta ba.

Yanzu duk ranar kasuwar dabbobi yakan hau mota ya je ya tsaya bakin shagunan magani, duk wanda ya fito da kwalba ya tare shi. Ya rame, gemu ya rufe fuskar. Na gan shi watan jiya da na je sayen akuyar sadaka. Yana riƙe da hannun wani makiyayi yana cewa, "Ɗana, murfi ɗaya. Ɗaya tak."

Mai shagon ya leƙo. "Mzee, ka sake dawowa? Matsa, kana kore min mutane." Ya ciro waya ya danna ya miƙa. "Ji nan. Wannan malamin jami'a ne. Kai wa ya san ka?"

Mwalimu ya tsaya yana kallon kansa a wayar. Na cikin wayar ya ɗaga kwalba, ya faɗi biyar, ya harɗe hannu. Hoton ya ƙare.

"Ni ne," in ji shi.

"Ni ma ni ne shugaban ƙasa," in ji mai shago. Makiyayin ya yi dariya, ya sa kwalbarsa a aljihu, ya kama hanya.

Na matsa na gaishe shi. Ya daɗe yana dubana kafin ya gane ni.

"Mama Mwajuma," ya ce, "da kin yi ko tari."

Na ce ya yafe min. Ya ce shi ne mai neman yafiya, bai dai san ƙofar wa zai fara ƙwanƙwasawa ba. Wani ya fito daga shago na gaba da kwalba a hannu, Mwalimu ya gyara lemarsa ya bi shi.